Ilu Mai Raka Jirage

Duk Bahaushen da ya taɓa zuwa Guangzhou saro kaya, in dai ya kwana biyu a wajajen Huanshi Lu, to ko bai ga Malam Ilu ba ya ji labarinsa. Dattijo ne ɗan siriri, mai furfura a gemu, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, kullum da wata tsohuwar jaka rataye a kafaɗa. Sana'arsa dillancin wandunan jins. Shi ne zai ɗauki baƙo ya kai shi Xintang, garin da ba abin da ake ɗinkawa sai jins, ya shiga tsakaninsa da masu masana'anta, ya duba ɗinki da zif da rini, ya tsaya a kan kaya har a ɗaure. A wannan fanni kam ba shi da wani abin a zo a gani, akwai waɗanda suka fi shi baki da wayo. Abin da ya fito da sunansa yana cikin jakar nan.

'Yar rediyo ce baƙa, tsawonta bai fi tafin hannu ba, da eriya ta roba, a naɗe cikin wata tsohuwar hula. Ba ta kama labarai, ba ta kama waƙa, ba ta kama wa'azi. Maganar matuƙa jirgin sama kaɗai take kamawa, idan suna magana da ma'aikatan hasumiya. Ji kawai take yi, ba ta da bakin mayar da magana. Da ita Malam Ilu ya yi shekara da shekaru yana raka duk wani namu da zai bar China, yana tsaye a kan rufin bene. Ga shi yanzu ranar tasa tafiyar ta matso, kuma abin da ke cin zuciyarsa, wanda ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa ba, shi ne wa zai raka shi.

Asalinsa Bakatsine ne, amma a Kurna ta Kano ya tashi, inda jirage ke ratsawa ta saman gida har kwanon rufi ya yi kakkarwa. Tun yana ƙarami tambaya ɗaya ta addabe shi: idan jirgi ya shige cikin gajimare, wa ke nuna masa hanya? Babu kwalta a can, babu kwana, babu mai shayi a gefen titi balle a tsaya a yi tambaya. Ya tambayi malaminsu, aka ce ikon Allah. Ya ce ya yarda ikon Allah ne, amma ta hannun wa? Ranar ya sha rankwashi.

Mahaifinsa kuwa tela ne, mutum mai tsananin riƙo da rakiya. Ba a sallamar baƙo a bakin ƙofa, in ji shi, sai ka ce an kori kaza. Zai ajiye ɗinki ya taka wa baƙo har bakin titi, baƙon na ta cewa, "A koma haka, Malam, a koma haka," shi kuwa yana ta bin sa. A ƙa'idarsa rakiya ba a roƙonta, kuma ba ta ƙarewa sai wanda aka raka ya nace a koma. Shekarar da mahaifiyar Ilu ta tafi Makka, suka raka ta har shingen filin jirgi. Jirgi ya tashi, ya ƙanƙance, ya ɓace. Tsohon ya saki wayar shingen ya ce, "To, nan ƙafa ta gaza." Da ta dawo da haƙorinta na Makka, kowa na tambayar tsaraba, Ilu ya ja ta gefe ya tambaye ta wa ya nuna musu hanya. Ta ce, "Kai ɗan nan ka fita idona. Ni da na runtse ido ina salati tun daga Kano har Jidda?"

Sai da ya girma, ya shiga fatauci, sannan ya sami amsa, a wani ɗan shagon kayan lantarki a Dubai. Agogo ya shiga saye. Mai shagon yana wasa da rediyon, ya murɗa, sai ga shuuu, sai ga murya a sanyaye tana karanto lambobi. Ilu ya ce, "Su wa ye waɗannan?" Mai shago ya nuna sama da yatsa. Ai kuwa agogon da bai saya ba ke nan.

Tun daga ranar duk ƙasar da ya sa ƙafa da ita yake zuwa: Kwatano, Bankok, Istanbul. Ta jawo masa tsaiko ba sau ɗaya ba. A ciro ta daga jaka, a jujjuya, a kira babba, babban ma ya jujjuya. Da haka ya koyi ladabin tafiya da ita. Yakan cire batir tun daga masauki, ba ya kunna ta a filin jirgi ko da wasa, kuma in ya sauka a baƙuwar ƙasa sai ya tambayi 'yan gari ko ana ƙyale irinta, don ba kowace ƙasa ke son a saurare ta ba. Da ya zauna a Guangzhou, wani tsohon hannu ya ja kunnensa cewa kada ya kuskura ya doshi filin jirgi da wannan abu. Shi ya sa ya koma neman rufi.

Ɗaki ya kama a wani lungu bayan kasuwar Canaan, a saman wani tsohon bene mara lif. Makullin rufin na hannun tsohuwa mai gidan, wadda ta shuka barkono da albasa a can cikin kwalayen soso. Da ya nuna mata yana son hawa, sai ta kaɗa hannu tana "Meyo, meyo," wato babu. Kwana da kwanaki ana haka. Wata rana ya tare ta a matakala, ya kara mata rediyon a kunne. Aka yi sa'a wani matuƙi na magana da Sinanci. Tsohuwa ta zaro ido, ta dubi sama, ta dubi Ilu, ta fashe da dariya har tana dafa bango. Aka ƙulla yarjejeniya da hannu da ka: shi ya riƙe makulli, ya riƙa ba barkono ruwa.

A rufin nan ya gano abubuwa da yawa, kuma duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi sai ya ji su. Daga can ba a jin hasumiya, benaye sun tare ta, muryar matuƙan kaɗai ke saukowa. Amsa yake ji, tambayar kuwa sai ya cinka da kansa. Matuƙan ƙasar da Sinanci suke yi, baƙi da Turanci, shi kuma a duka biyun lambobi ya fi kamawa, waɗanda ya koya a wurin ciniki. Ya san muryar wanda ya gaji, ya san ta sabon shiga mai maimaita komai a tsanake. Ranar da ya fara jin muryar mace tana tuƙa jirgi, sai da ya sauko ya ba mutum uku labari. Da damina, in hadari ya haɗo, muryoyin sukan yi sauri, kowa na neman a bar shi ya kewaye gajimare. Amma babban abin da ya gano, wanda ya sa ya zauna daɓas a kan bokitin ban ruwa, shi ne ashe ba mutum ɗaya ke nuna hanyar ba. Wannan ya riƙe jirgi har iyakarsa, ya miƙa wa na gaba, matuƙi ya yi masa sallama ya koma wani layin, na gaban ma ya kai shi tasa iyakar. Ilu ya ce, "Allahu Akbar! Ashe rakiya ce." Ya yi ta jin ina ma Baba na raye ya ji wannan.

Hajiya Zulaiha ce ya fara rakawa, wata Bakanuwa mai dafa tuwo da miyar kuka a wani ɗaki a Huanshi Lu, inda Hausawa ke taruwa cin rana. Tsoron jirgi gare ta kamar me. Ilu ya karɓi lambar jirginta, ya hau rufi, ya jira har ya ji matuƙin ya ambaci lambar, ya bi shi har ya yi sallama ya sauya layi. Sannan ya ce, "Allah ya kai lafiya," ya aika wa 'ya'yanta saƙon murya cewa ta tashi lafiya, ya ji da kunnensa. Daga nan abu ya zama al'ada. Mai tafiya zai gama ɗaure kaya, ya yi sallama da lawban ɗinsa, wato mai shagon da yake saro kaya, sannan ya biya ya ba Malam Ilu lamba. Ko ana ruwa, ko ana zafin nan na Guangzhou mai jiƙa riga, yana can sama. Akwai gidaje a Kano da Maraɗi da Yamai da ba su taɓa ganin fuskarsa ba, amma sun san muryarsa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ba shi lamba ba, shi ne Barmo. Bagobiri ne na Maraɗi, ƙato mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, yana da ofishin tura kaya ta kwantena a ƙasan wani bene. Bagobiri da Bakatsine kuwa an san abin da ke tsakani, haɗuwa ɗaya tsiya goma. Barmo ne ya sa wa rediyon suna Magulmaciya.

"Bawana," in ji Barmo, yana ɗaga wayarsa, "dubi nan. Ga jirgin, ga taswira, ga inda ya kai. Gani ya kori ji. Mi kake wahal da gwiwarka a matakala?"

"Wannan hoto ne, Bagobirin banza," in ji Ilu. "Kai in an zo raka ka, hotonka ake bi? Sai ka ji muryar mutum ka san da rai a ciki."

Gwiwar ce kuwa ta kawo ƙarshen zaman. Matakalar da yake hayewa yana waƙa ta koma sai ya huta a kowane hawa. Sabunta biza ya ƙara wuya. 'Yarsa Radiyya kuma ta matsa a waya: "Baba, jikokinka ba su san ka ba sai a hoto. Don Allah ka dawo gida haka." Ya yi ta ja, daga baya ya sayi tikiti.

A ɗakin Hajiya Zulaiha ya sanar, ana tsakar cin tuwo. Aka yi ta salati, aka yi ta "Kai, Malam, da gaske?" Wani ya ce ai sai an cika mota an kai shi filin jirgi. Nan fa Malam Ilu ya yi irin ta mutanen da. Ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, a'a, kada kowa ya bar kasuwarsa saboda ni. Tasi zan hau, ba komai." Jira yake a ce haba Malam, wane irin magana ce wannan. A Kurna da haka za a yi, shi yana ƙi ana nacewa. Amma wannan Guangzhou ce, inda kowa ke da kwantenar da za a rufe gobe. Sai suka ce, "To shi ke nan, Malam, yadda ka ce. Allah ya kai lafiya." Kowa ya mayar da hannu kwano.

Ba ma motar ce ta dame shi ba. So yake wani ya ce, "Malam, kawo rediyon nan, ni zan hau." Amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sai ya shiga kewaye-kewaye. Ya faɗi lambar jirginsa da ƙarfi, kamar da waya yake magana. Ya ce jirgin la'asar ne, mai bi ta Dubai, lokacin ma rana ta yi sanyi a rufi. Ba wanda ya ɗaga. Ya sami Barmo a ofis, ya zaro rediyon, ya ce, "Ka san abin nan ba wuya. Nan ake murɗawa."

Barmo ko ɗago kai bai yi ba. "Ni da aikina zan tsaya gulmar direbobi? Tafi da ita Katsina ta riƙa jiyo muku kukan jakuna."

Ilu ya yi dariya don kada a gane, amma maganar ta soke shi. Ya koma ɗaki cike da fushi, ya naɗe rediyon a hularta, ya cusa ta tsakiyar wandunan da ya saya wa jikoki, ya liƙe kwali. Ya ce a ransa ta biyo jirgin ruwa, ta iso lokacin da ta ga dama. Washegari ya dire kwalin a gaban Barmo.

"Mi ke ciki?" in ji Barmo.

"Tsummokara."

"Dama mi Bakatsine ya mallaka in ba tsumma ba."

Ranar tafiya ya lallaɓa ya hau rufi, ya ba barkono ruwa, ya miƙa wa tsohuwa makullinta. Ta riƙe hannunsa tana ta magana, shi kuma yana "She-she, she-she," iyakar godiyar da ya iya. Hajiya Zulaiha ta aiko masa da dambun nama. Ya sa mai tasi ya bi ta ofishin Barmo, ya tarar da ƙofa a rufe. Ko sallama Bagobirin nan bai tsaya sun yi ba.

A cikin jirgi ya sami kujerar taga. Da suka ɗaga, garin ya baje a ƙasa, benaye ba iyaka, ya yi ta neman nasu rufin bai gane shi ba. Ya san daidai abin da ke faruwa a gaba: yanzu matuƙi ya ambaci lamba, yanzu an ce ya ƙara sama, yanzu zai yi sallama ya sauya layi. Muryar na can tana sauka a kan rufin, ba kunnen da zai tare ta. Ya ce a hankali, "Allah ya kai mu lafiya," ya amsa wa kansa da amin. Baƙin ciki ya kama shi, da kunyar dattijo mai kuka a kan abin da bai roƙa ba. Ya juya fuska wajen taga ya goge ido da hannun riga.

Sai washegari da hantsi, a tsakar gidan Radiyya a Kurna, bayan an ci an sha jikoki sun gama hawa kansa, ta karɓi wayarsa ta haɗa masa da datarta. Waya ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa.

"Baba, wane ne Barmo? Saƙon murya ne ya turo, sun fi a ƙirga."

Ilu ya taɓa na farko. Iska ce ta fara fitowa, sai haki kamar na bijimi, sai wata shuuu da ya sani kamar muryar 'yarsa.

"Bawana," in ji muryar Barmo, "Allah ya isa tsakanina da matakalar ga. Na buɗe kwalinka, ka kai ni ƙara in ka so. Tun ranar da ka zo kana nuna mini wajen murɗawa na gane ka. Labarin zuciya a tambayi fuska. Tsohuwarka ta ce meyo, sai da na nuna mata Magulmaciya ta buɗe. Ga Hajiya nan ta rufe tukunya ta biyo ni, ga 'yan kasuwarmu su Ibrahim Khalil sun bar shago. Yanzu ga matsala. Lambarka na riƙe ta, amma abin ga ba ya jin Faransanci. Mutanen ga kuma Turancinsu kamar suna tauna gyaɗa, su Ibrahim ma sun kasa kamawa. Ban san wanne ne naka ba."

Aka ji muryar Hajiya Zulaiha daga gefe: "To ka raka duk wanda ya yi magana mana! In ka bi su duka ai nasa na ciki."

Haka kuwa suka yi. Saƙo na biyu, wani matuƙi ya yi magana da Sinanci, Barmo ya ce, "Allah shi kai ku lahiya," jama'a suka ce amin. Na uku haka, na huɗu haka. Tun daga azahar suke tsaye a rana, suna yi wa jiragen Shanghai da na ko'ina addu'a, mutanen da ba su san ana yi ba. Har da tsohuwa ana jin ta tana kwaikwayon amin. Radiyya ta toshe baki tana dariya, ta dubi mahaifinta, sai ta daina.

Can a tsakiya Ilu ya ɗaga hannu a yi shiru. Ya mayar da saƙon baya. Barmo na cikin faɗa da Hajiya a kan ya taka mata albasar tsohuwa, sai ga wata murya a ƙarƙashin hayaniyar, a sanyaye, ta karanto lambar jirginsa, ta yi sallama. Saura kaɗan ta wuce su. Sai Barmo ya katse faɗan ya ce, "Tsaya, ga wani. Allah shi kai ku lahiya." Aka ce amin.

Ilu ya sake saurara, ya kuma sakewa. Bai taɓa jin muryar wanda ya tuƙa shi ba sai yau.

Saƙon ƙarshe gajere ne, muryar Barmo ta dishe. "Batir ya mutu, magariba ta yi, mun sauka. Amma kai ka ce mana rakiya ba ta ƙarewa sai baƙo ya sallami mutane. Na sayi wani batir. In ba ka yi magana ba gobe sai na sake hawa, kuma alhakin gwiwata na wuyanka."

Wani jirgi ya ratsa ta saman Kurna, kwanon rufi ya ɗauki kakkarwa. Malam Ilu ya jira ya wuce. Ya danna wayar, ya buɗe baki zai ce Bagobirin banza, sai ya fasa. Ya yi gyaran murya ya sake dannawa.

"Na iso lafiya, Barmo. A koma haka. Na gode, na gode, a koma haka. Rediyon ka riƙe ta, akwai masu tafiya ranar Juma'a. Kuma barkonon nan safe ake ba shi ruwa, ba da rana ba."